Ciwon Sukari da Ɓarnar da Yake Yi wa Zuciya a Ɓoye

Darasinmu na kiwon lafiya a wannan fitowa ya shafi ciwon sukari, wanda ma'aikatan likita suke kira diyabet. Mutane da yawa sun san cewa wannan ciwo yana rage gani, yana taɓa ƙoda, yana kuma hana miki warkewa a ƙafa. Amma kaɗan ne suka san cewa yana taɓa naman zuciya. Yana yin wannan ɓarna a hankali, shekara da shekaru, ba tare da zafi ko wata alama ba. Mutum yana zuwa kasuwa, yana ban ruwa a garkarsa, yana cin abincinsa, alhali kuwa zuciyarsa ta fara sauyawa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka mu karanta wannan darasi a tsanake, mu kuma karanta wa waɗanda ke gida.

Mene ne ciwon sukari?

Abincin da muke ci, kamar gero, shinkafa, alkama, taliya da dankali, yana narkewa a ciki ya koma sukari, ya shiga jini. Wannan sukari shi ne makamashin jiki. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai fitar da wani sinadari da ake kira insulin. Aikin insulin shi ne buɗe wa sukari ƙofa, don ya bar jini ya shiga nama. Idan insulin ya yi kaɗan, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini. Wannan shi ne ciwon sukari.

Alamominsa na farko su ne yawan fitsari, yawan ƙishirwa, rama da kasala. Amma mutane da yawa suna ɗauke da shi shekaru ba su ji komai ba. Awon jini ne kaɗai yake tabbatar da shi. Ana yin awon da safe kafin a ci abinci. Idan aka auna sau biyu aka samu giram 1,26 a cikin lita, ko fiye da haka, to, mutum yana da ciwon sukari.

Ciwon ya yaɗu ƙwarai. Tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne suke da shi, wato mutum ɗaya cikin tara. A ƙiyasinta na 2021 kuma, ta ce mutum miliyan 24 ne suke da shi a ƙasashen Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba.

Yaya zuciya take aiki?

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato wajen sau 100,000 a kwana guda. A kowane minti tana tura jini kimanin lita 5, ko da mutum yana kwance.

Kowane bugu yana da aiki biyu. Na farko, zuciya ta saki jiki, ta buɗe, jini ya cika ta. Na biyu, ta matse, ta tura jinin zuwa sassan jiki. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne ya fi kowanne aiki, domin shi yake kai jini tun daga kai har yatsun ƙafa. A riƙe wannan da kyau: zuciya ba ta iya tura jinin da ba ta ɗiba ba.

Misalin guga

Manoman garka na ƙasar Abzin, irin na Timiya, Tabelot da Iferwan, sun san gugan fata wanda raƙumi ko sa yake ja daga rijiya. Sabon guga yana da laushi. Da ya taɓa ruwa sai ya buɗe baki ya cika. Amma gugan da aka bari cikin rana ya bushe, fatarsa takan ƙandare. Ba ya yoyo, igiyarsa ba ta tsinke ba, wanda ya hango shi daga nesa zai ce lafiyarsa lau. Sai dai in an zura shi rijiya ba ya buɗewa sosai, yakan fito da rabin ruwa. Dole dabba ta ƙara yawan zuwa da dawowa kafin garka ta ƙoshi. Mai garka ba zai lura ba da farko, tun da shuka tana samun ruwa. Sai ranar da dabba ta gaji, sannan albasa ta fara yaushi.

Haka ciwon sukari yake yi wa zuciya. Namanta yakan yi tauri, ta kasa buɗewa yadda ya kamata. Ƙarfin matsewarta yana nan da farko, shi ya sa mutum ba ya jin komai. Tana ƙara himma don ta cike giɓi, har ranar da ƙarfinta ya gaza.

Me sukari yake yi wa naman zuciya?

Masana sun gano hanyoyi huɗu.

1. Sukarin da ya yi yawa cikin jini yana manne wa zaruruwan da suke riƙe da naman zuciya. Sai su ɗaure da juna, su rasa laushinsu.

2. Idan nama ya kasa amfani da sukari, zuciya takan koma ƙona kitse fiye da kima. Ragowar kitsen yana taruwa cikin tsoka, yana raunana ta.

3. Ƙananan jijiyoyin jini masu ciyar da zuciya suna ƙuntata, abinci da iska su ragu.

4. Jijiyoyin da suke kai saƙo tsakanin zuciya da ƙwaƙwalwa suna lalacewa, kamar yadda na ƙafa suke lalacewa har mutum ya taka ƙaya bai ji ba.

Wannan na huɗu yana da haɗari na musamman. Idan babbar jijiyar zuciya ta toshe, yawancin mutane suna jin ciwo mai tsanani a ƙirji, su nemi likita. Mai ciwon sukari kuwa yana iya samun wannan toshewa bai ji zafi ba. Sai dai ya ji gumi, ko tashin zuciya, ko wata gajiya da ba ta da dalili.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1972 wata likita a Amurka mai suna Shirley Rubler, tare da abokan aikinta, sun binciki zukatan mutum huɗu masu ciwon sukari waɗanda gazawar zuciya ta yi ajalinsu. Sun tarar manyan jijiyoyin zuciyar ba su toshe ba, amma naman ya yi kauri ya yi tauri. Daga nan aka fara gane cewa sukari shi kaɗai yana iya ɓata tsokar zuciya.

A shekarar 1974 aka bayyana sakamakon wani dogon bincike da aka yi kan mutanen garin Framingham, can Amurka. An ga cewa namiji mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin gazawar zuciya wajen ninki biyu. Mace kuwa wajen ninki biyar. Don haka mata su kula ƙwarai.

Kada a ce abin na Turawa ne. A shekarar 2005 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a Nijeriya, tare da Dakta Ɗanbauchi, sun buga bincike kan masu ciwon sukari waɗanda ba su taɓa kukan zuciya ba. Da aka duba su da na'urar hoto, sai aka ga zuciyar waɗansunsu ta riga ta fara sauyawa. A shekarar 2013 likitocin Fatakwal sun duba mutum 90 masu ciwon sukari waɗanda ba su da hawan jini. Kusan biyu cikin kowane uku, zuciyarsu ba ta buɗewa yadda ya kamata.

Wa ya fi shiga haɗari?

Duk mai ciwon sukari yana cikin haɗari, amma waɗannan sun fi:

- wanda ya daɗe da ciwon, musamman shekara 10 ko fiye;
- wanda sukarinsa ba ya sauka, ko yake shan magani yau ya bari gobe;
- wanda ya haɗa da hawan jini, abin da ake kira tansiyo;
- mai ƙiba, musamman mai tumbi;
- wanda ciwon ya riga ya taɓa masa ƙoda ko ido;
- mai shan taba ko mai tauna ta;
- dattawa, maza da mata.

Zaman rayuwa ma ya sauya a jiharmu. A da mutum yakan bi ayari da ƙafa daga Abzin zuwa Fashi da Bilma, kwana da kwanaki. Mai garka yakan wuni yana bin dabba a bakin rijiya. Yanzu injin ban ruwa ya ɗauke wani aikin, babur da mota sun ɗauke wata tafiyar. Direba yana wuni zaune, mai kanti yana wuni zaune, shayi kuwa yana kan wuta. Sauƙi ya samu, amma jiki ya rage ƙona abin da yake ci.

Alamomin da ke nuna zuciya ta fara gajiya

Bayan shekarun shiru, alamomi sukan ɓullo. Idan zuciya ta kasa ɗibar jini da kyau, sai ruwa ya koma baya, ya taru cikin huhu da ƙafafu. Ga abin da za a lura da shi:

1. Haki a kan aikin da mutum ya saba yi ba wahala, kamar ɗaukar tulu ko tafiya kasuwa.
2. Gajiya da wuri.
3. Kasa kwanciya miƙe, sai an tara matashin kai biyu ko uku.
4. Farkawa cikin dare da sarƙewar numfashi ko tari.
5. Kumburin ƙafafu. In an danna da yatsa, sai rami ya zauna.
6. Ƙaruwar nauyi farat ɗaya, kamar kilo 2 cikin kwana 3.
7. Bugun zuciya da sauri, ko bugu marar tsari.

Mutane sukan ce tsufa ne, ko zafin bazara, ko ƙurar hunturu, ko sanyi ya kama ƙirji. Ruwa ba ya tsami banza. Mai ciwon sukari da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya je likita cikin makon nan. In kuwa numfashi ya sarƙe yana zaune, ko ƙirji ya yi nauyi da gumi, ko ya suma, to, a kai shi nan take, ko dare ko rana.

Yaya ake gane ɓarnar kafin ta yi magana?

Da awo ake gane ta. Ga irin awon da ake yi:

*Awon hawan jini.* Ana yin sa a kowace cibiyar lafiya. In ya kai 14 bisa 9 ya tsaya nan, ya hau ke nan. Ga mai ciwon sukari, likitoci sun fi son ya sauka ƙasa da 13 bisa 8.

*Awon sukari na wata uku.* A takarda ana rubuta shi HbA1c. Yana nuna yadda sukari ya zauna cikin jini a watanni ukun da suka shige. Ga yawancin manya ana son ya kasance ƙasa da 7.

*Awon fitsari da na ƙoda.* In ƙoda ta fara taɓuwa, to, a duba zuciya.

*Zanen bugun zuciya.* Ana manna wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun a takarda. Yana iya nuna tabon tsohuwar toshewar da mutum bai ji ba. Amma yana iya fitowa lafiya alhali nama ya fara tauri.

*Hoton zuciya.* Ana kiran sa eko. Irin na'urar da ake duba mai ciki da ita ce. Ba allura, ba zafi. Ita ce take nuna kaurin naman zuciya, da yadda take buɗewa da yadda take matsewa.

*Awon jini na gajiyar zuciya.* Zuciyar da take wahala tana sakin wani sinadari cikin jini, ana rubuta shi BNP. A shekarar 2022 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu ciwon wannan awo sau ɗaya a shekara, ko da ba su jin komai.

A fara daga cibiyar lafiya mafi kusa. Ma'aikacin lafiya zai tura mutum babban asibitin jiha da ke Agadas in akwai bukata, likita kuma shi zai faɗi awon da ya dace da inda ake yin sa. Daga Agadas zuwa Yamai ya fi kilomita 900. Tafiyar da aka shirya mata, mutum yana kan ƙafafunsa, ta fi sauƙi da araha bisa wadda za a yi da shi kwance. Idan kun je ganin likita, ku tambaye shi kai tsaye: "Likita, yaya zuciyata?" Tambaya rabin ilimi ce.

Yaya za mu kare zuciya?

Guga in ya bushe ana shafa masa mai ya yi laushi. Zuciya ba a shafa mata mai. Abin da ya ƙandare sosai ba ya komawa kamar da. Amma in an farga da wuri, ana iya rage gudun ɓarnar, mutum ya yi shekaru masu yawa yana aikinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

*Sukari.* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Mai ciwon sukari ya kamata ya yi ƙasa da haka nesa. Shayinmu kofi uku ne, kowanne da sukarinsa, wani kuma yakan zauna zaman shayi sau uku a yini. Ba a ce a bar majalisa ba. A roƙi mai dafawa ya zuba wa mai ciwon nasa kafin a sa sukari a buta. A bar lemon kwalba. Dabinon Ingal da na Bilma abinci ne mai kyau, amma zaƙinsa da yawa: biyu ko uku sun isa. Furar da ake damawa da dabino da cuku, a sha kaɗan, kada a ƙara mata sukari.

*Gishiri da kanwa.* Gishiri yana riƙe ruwa cikin jiki, yana hawar da jini, yana ƙara wa zuciya kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Mu ƴan ƙasar gishiri ne, daga Bilma har Tegidda, amma abin da yake gyara raƙumi a lokacin shan gishiri na Ingal ba shi yake gyara zuciyar mai ciwon sukari ba. Dunƙulen magi, wajen rabinsa gishiri ne. Kanwa ma danginsa ce. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga mata masu jego, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. A ƙara wa miya daɗi da albasa, tafarnuwa, citta da tumatir, a rage gishiri.

*Kayan garka.* Ƙasarmu tana noma abin da zuciya take so: kabeji, salati, karas, tumatir, albasa, zogale, da lemun Timiya. Kada a kai duka kasuwa, a bar na gida. A raba kwano: rabi ganye da kayan garka, kwata wake ko nama marar kitse, kwata tuwo ko shinkafa. Gero da dawa da ba a surfe su sosai ba sun fi farar shinkafa, taliya da burodi. A rage soye-soye.

*Motsa jiki.* Tafiya da sauri minti 30 a rana, kwana 5 a mako, ta isa. A yi ta da sassafe ko da yamma, a kauce wa tsakar rana, domin zafin bazara a Agadas yana wuce digiri 40. Wanda ya riga ya fara haki ya nemi shawarar likita tukuna. Mai yin allurar insulin ya riƙa ɗaukar dabino ko ƙwayar sukari a aljihu. In ya ji rawar jiki, gumi da jiri, sukari ne ya faɗi, ya ci nan da nan.

*Taba.* A bar ta, ta sha da ta taunawa. Tana ƙuntata jijiyoyin da sukari ya riga ya raunana.

*Magani.* A sha maganin sukari da na hawan jini kullum, yadda likita ya rubuta, ko da jiki ya yi daɗi. Maganin farko da aka fi bayarwa shi ne metformin. Akwai kuma sabbin ƙwayoyi masu fitar da sukari ta fitsari. A shekarar 2015 wani bincike kan mutum fiye da 7,000 ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, mai suna empagliflozin, ya rage kwanciya asibiti don gazawar zuciya da kimanin kashi ɗaya cikin uku. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Likita ne kaɗai zai ce ko ya dace da mutum.

Gargaɗi kan maganin tebur

Waɗansu ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a tebur ko a kan tire, kamar diklofenak da ibuprofen, suna riƙe gishiri da ruwa cikin jiki, suna wahalar da ƙoda da zuciya. Ƙwayoyin sa ƙiba da waɗansu mata suke sha suna hawar da sukari da jini gaba ɗaya. Kada kuma a sayi maganin sa fitsari don ƙafa ta kumbura ba da izinin likita ba. A ƙasa mai zafi irin tamu yana iya busar da jiki. Wanda yake shan saiwa ko ganye ya gaya wa likita, kuma kada ya ajiye maganin asibiti saboda su.

Matafiya da masu azumi

Direbobi, fatake da masu zuwa haƙar zinariya su ɗauki maganin da zai kai su ya dawo da su, har da ƙari. Su riƙe takardar likita a jikinsu. Insulin ba ya son zafi: a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa. Mai ciwon sukari da yake niyyar azumin Ramadan ya ga likita wata ɗaya ko biyu kafin watan ya kama, don a gyara masa lokacin shan magani, a kuma gaya masa ko zuciyarsa za ta iya ɗauka.

Abin riƙewa

Rashin jin ciwo ba shaidar lafiyar zuciya ba ne ga mai ciwon sukari. A auna hawan jini a kowace ziyara. A auna sukari na wata uku aƙalla sau biyu a shekara. A nemi a duba zuciya, ƙoda, ido da ƙafa sau ɗaya a shekara. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, tun 1991. Ana iya ɗaukar ta a matsayin ranar tuna wa juna zuwa awo. Wanda ya kai shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya je a auna shi ko da yana jin ƙarfi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka biyu zuciya take yi a kowane bugu? Wanne ne sukari yake fara ɓatawa?
2. Me ya sa mai ciwon sukari ba ya jin ɓarnar da wuri?
3. Ku faɗi alamomi huɗu na gajiyar zuciya.
4. Cokali nawa na sukari ake zubawa a butar shayi a gidanku? Ku ƙirga na yini guda, ku rubuta.
5. Wane kayan garka ake nomawa a garinku wanda zai taimaki mai ciwon sukari?